Jar Waya a Ƙarƙashin Kujera

Lahadi, bayan Azahar. Bolori, Yunin 2013.

Yaya Ajimi bai dawo ba. Jiya da hantsi ya fita da a-kori-kurarsa zai kai wa Ya Aisa, wata 'yar kasuwa, buhunan wake kasuwa, har aka shiga dokar hana fita bai shigo ba. Tun watan jiya aka yanke sabis ɗin waya a garin nan, saboda haka babu wanda za a kira. Hajja, mahaifiyarmu, ta rufe masa burabusko a kwano ta ajiye a bakin taga. Zainaba matarsa tana ta share tsakar gidan da ta riga ta share.

Ni na duba motar ranar Alhamis. Baƙin mai sabo ne, lagireto a cike, batir lafiya. Babu abin da zai tsayar da ita a hanya.

Lahadi, dab da Magariba.

Ya Aisa ta zo, ba ta zauna ba. Ta shiga ɗakin Hajja suna magana da Kanuri ƙasa-ƙasa, ni ina bakin ƙofa. A wani shingen bincike aka tsayar da su, aka ce Yaya ya kashe mota ya sauko ya ɗaga riga. Wani daga cikin masu shingen ya shiga ya tayar da ita don ya matsar da ita gaba. Ta ɗan yi tafiya, sai ta mutu. Suka leƙa ƙarƙashin kujera.

A cewarta nan take kowa ya watse, Yaya kuwa aka riƙe shi. Ta baro wakenta da takalmi ƙafa ɗaya. Da za ta fita ta dube ni ta ce, "Taufiq, wai mene ne abin nan mai ƙifta ido?"



Litinin, da hantsi.

Bari in rubuta shi a tsare, yadda zan faɗa in an tambaye ni.

Motar tsohuwa ce, injin gas, irin wanda famfo ke tura wa mai. Babu kwamfuta a cikinta, babu fulogi. Matsi ne ke kunna man. Wayoyin jikin injin kaɗan ne, kuma na san kowace. Akwai ta kik, akwai ta caji, akwai ta hita mai ɗumama inji da sanyin safiya. Akwai ta sansar zafi, wadda ke motsa allura a dashbod, da ta sansar baƙin mai mai kunna jar fitila. Waɗannan na sansa ko ka tsinke su inji bai ma sani ba, direba ne kawai zai rasa mai gaya masa halin da ake ciki. Guda ɗaya ce ke riƙe da ran injin, wadda ke shiga solonayit a kan famfo. Solonayit ɗan bawul ne da bai fi babban yatsa ba. In wuta ta je masa ya buɗe wa mai hanya, in ta ɗauke ya rufe, inji ya mutu. Duk wanda ya murɗa makulli ya kashe mota, abin da ya yi ke nan.

A kan wannan wayar na sa akwatin. Yaya ne ya nema, bayan an ƙwace motar wani abokinsa a hanyar Damboa. Ya ce irin motarsa ce waɗancan mutanen ke so. Masu riwaya, masu gyaran wayar mota, suna ɓoye makunni, amma ya ce in mota ta ƙi tashi a gaban mai bindiga, direba ne zai kwana a wurin. Sai na ce to mota ta tashi, ta tafi, direba ya samu ya ɓuya, sannan ta mutu. Na'urar jinkiri ce, irin wadda na haɗa a aikina na ƙarshe a jami'a. In direba ya tayar sai ya danna ɗan maɓalli a gefen kujera. In bai danna ba, bayan kamar minti biyu wuta ta ɗauke.

Na sa ta a cikin akwatin sabulu na roba saboda ƙura. Na sayi sabuwar waya ja a shagon Oga Onuora, na bi da ita a miƙe, na ɗaɗɗaure. Na sa ƙaramar fitila mai ƙiftawa don in riƙa sanin tana aiki.

Ranar da na gama na zana masa a ƙasa zan yi bayani. Ya goge da ƙafa yana dariya ya ce, "Injiniya, ni nuna min inda zan danna kawai. Sauran ka kai wa malamanku."

Wutar batir ce, bolt goma sha biyu. Ko kaza ba za ta kashe ba.

Talata, da rana.

Hajja ta sake rufe kwano.

Laraba, bayan La'asar.

Kawu Ba'ana, wan Hajja, ya zo da babbar rigarsa ta zuwa gaisuwa. Ya san wani da ya san wani a GRA. Ya tara mu ya ce daga yau kada wanda ya ambaci sunana tare da motar nan, ko a mafarki. Abin da za a ce shi ne da akwatin aka sayo ta.

Na ce ba zai yiwu ba, motar ta girmi kayan cikin akwatin nesa ba kusa ba, kuma wayar ko ƙura ba ta gama sha ba. Duk wanda ya buɗe zai gani. Kawu ya ce wa Hajja, ba ni ba, wai ta ji, ana neman yadda za a fito da mutum shi kuma yana gyara wa mutane lissafi.

Kafin ya tafi ya tsaya a kaina sai da na jefa mitata ta auna wuta da ƙarfen dalma da ragowar wayar a masai. Littafin aikina na jami'a Zainaba ta hura wuta da shi. Ba ta tambaye ni ba. Bangon ne ya fi daɗewa kafin ya ci.

Hajja ta sa na yi mata alkawari ba zan wuce bakin layi ba.

Alhamis, da safe.

Tun da aka kawo Zainaba gidan nan ba ta taɓa kirana da sunana ba. Injiniyan tsakar gida take ce min, ko mai digirin gyaran tocila, ni kuma in ce mata mai miyar da ba gishiri. Yau ta ajiye min shayi ta ce, "Malam Taufiq, ga shi."

Juma'a, bayan an sauko.

A masallaci an gaishe ni gaisuwa mai tsawo, irin wadda ba a tambayar kowa a cikinta. Ya'akubu mai ɗaukar bulo, wanda ya yi ta bina a watan jiya in sa wa tasa motar irin akwatin, yana hango ni ya tuna yana da wani uzuri a ɗaya ɓangaren titi.

Motarsa tana bakin masallaci, ƙofa a buɗe. Na leƙa ƙarƙashin sitiyari. Wayoyi a cukurkuɗe, an ƙulla wannan da wancan da baƙin tef, wata ma da ledar burodi. An cire fis an cusa ƙusa. Wayar sansar zafi tana lilo, ba ta haɗe da komai. Wannan motar tana wuce shinge safe da yamma, ba wanda ya taɓa duban ta sau biyu, saboda cikin kowace mota haka yake a garin nan.

Tawa kaɗai ce mai tsabta. Tawa ce kawai take miƙe, ja, tana shiga akwati.

Asabar.

Bolt goma sha biyu.

Lahadi, da yamma.

An yi ruwan farko mai ƙarfi. Gilashin gefen direba ba ya rufuwa har sama, sai an taimaka masa da hannu. Ba na jin akwai wanda ya sani a can.

Hajja ta rufe kwano. Na jiya kaji ta ba.

Laraba, bayan Azahar.

Kawu ya dawo ransa a ɓace. Mutumin GRA ya aiko masa cewa labarin da muka shirya ya lalace, kuma Yaya ne ya lalata shi. Tun ranar farko tambaya ɗaya ake masa, wa ya haɗa. Shi kuma amsa ɗaya yake bayarwa, shi ya haɗa da hannunsa. Sai su ba shi takarda da biro su ce to zana mana. Ba ya iyawa. Sai su sake tambaya.

Kawu ya ce taurin kai ne irin na mahaifinmu. Hajja ta tashi ta shiga ɗaki. Zainaba tana tsinkar zogale, ba ta ɗago ba.

Na so in tambayi Kawu ta yaya suke sake tambayar. Ban tambaya ba.

Alhamis, da hantsi.

Na karya alkawari. Na hau Keke zuwa Lamisula, shagon Oga Onuora mai kayan gyaran mota. Ya daɗe da tura matarsa da 'ya'yansa gida kudu, shi kaɗai ya rage da shagon da rediyonsa. Na lura babu jar waya ko ɗaya a kan kanta, sai baƙa da shuɗiya.

Ya ce, "Injiniya, ka zo ka sayi me kuma? In agogo ne ba na sayarwa." Ya yi dariya shi kaɗai, sannan ya tashi ya saki labulen ƙofa.

Ya riga ya ji komai. Shi ke kai kayan gyara garejin da ake ajiye motocin da aka kama, kuma bakaniken wurin, James, abokin cinikinsa ne. James ya buɗe akwatin tun makon farko ya ga babu komai a ciki sai ɗan allon lantarki da rile, ɗan makunni mai aiki da wuta. Na ce to me ya sa bai faɗa ba. Ya ce James ya faɗa, aka ce masa ba abin da ke ciki ake nema ba, hannun da ya iya haɗa abu mai jinkiri ake nema.

Na ce ga hannun.

 Ya ce in na shiga wurin nan ba shi da tabbacin zan fito, kuma kada in ce bai gaya min ba. Amma akwai wani babba mai gilashin ido da ke zuwa garejin, yana sauraron magana in an same shi da safe. Ya ce zai raka ni. Na ce ba sai ya sa kansa ba. Ya ce kansa yana ciki tun ranar da ya auna min wayar, gara ya je da ƙafarsa.

Juma'a, bayan La'asar.

Na gaya wa Hajja. Na yi mata bayanin komai a tsare, har solonayit. Ta bar ni na gama.

Ta ce, "Ajimi ɗaukarsa aka yi, ban bayar ba. Kai kuma so kake in miƙa ka da hannuna."

Na ce in ban je ba ba za su daina ba shi takarda ba. Ta ce in na je kuma su riƙe biyu, wa zai ɗauki makararta. Ta ce ba ta yafe ba in na taka ƙofar gidan nan. Ta faɗa da Kanuri, ta sake faɗa da Hausa, kamar akwai wanda ban ji ba.

Asabar.

Ban je ko'ina ba.

Lahadi.

Ban je ko'ina ba. Na gyara fankar Hajja da wuƙa da haƙori, tunda kayan aikina suna masai.

Litinin, da safe.

Na tashi na tarar da farar rigata, wadda na ɗinka don zuwa neman aiki, an wanke an goge an rataye a ƙofar ɗakina. Ban ba kowa wanki ba.

Zainaba tana bakin rijiya. Na tsaya kusa da ita. Ba ta juyo ba ta ce, "Shi dai bai faɗi sunanka ba."

Na sani. Ba sai ta goge riga ba.

Talata, bayan Magariba.

Na je, na dawo. Zan rubuta abin da ya shafi mota.

Tana jikin katanga, tayoyin baya sun sace. Kujerar direba ta jiƙe ta yi fumfuna. Waken Ya Aisa yana nan a baya, ruwa ya kumbura shi ya fasa buhunan, har ya tsiro, kore shar. Akwatina yana can nesa cikin bokitin yashi, an datse wayar da almakashi.

Mai gilashin bai girme ni sosai ba. Oga Onuora ya yi masa gaisuwa mai yawa. Ni na ce, "Yallaɓai, ni na haɗa. Yayana direba ne, bai san komai a kai ba sai inda ake dannawa." Ya ce in zana. Na zana. Ya ce in haɗa ya gani.

James ya ara min filaya da batir. Sai da na buga famfon hannu na fitar da iska, don ta daɗe a ajiye. Na mayar da wayar, na murɗa makulli, fitilar hita ta mutu, na ba ta kik. Ta tashi. Na sauko na tsaya a gefenta hannuwana a sama, yadda aka ce. Sauran duk sun ja baya, sun juyo da abin da ke hannunsu wajena. Na san minti biyu ne, ni na auna shi da kaina. Na tsaya ina jin injin ina tunanin ruwan da ya shiga akwatin, da ko ya canza lissafin.

Ta mutu a kan lokacinta.

Na sake tayarwa na danna, ta ci gaba da aiki. Mai gilashin ya yi dariya ya tafa. Ya ce shi ma injiniyanci ya karanta kafin ya shiga wannan aikin. Ya tambaye ni makin da na fita da shi. Ya ce su ma ana ƙwace musu motoci, guda nawa zan iya haɗawa a mako.

Na ce, "Yallaɓai, yayana fa?"

Ya ce za a duba.

Duka bayanin bai kai shan kofin shayi ba.

Laraba. An tashi da azumi.

Hajja ba ta yi min magana ba tun jiya. Amma da sahur na tarar da kwano biyu a rufe a bakin taga.

Juma'a, da yamma.

An aiko James da mota ya ɗauke ni. Na gane yadda za a duba ɗin. An ba ni sabuwar mita, ta fi wadda na jefa a masai. An ba ni benci a inuwa. Waya kuwa Oga Onuora ne ya kawo, baƙa.

Tun da na gama karatu nake yawo da takardu ofis-ofis. Ga aiki na samu.

Asabar.

Na haɗa, na gwada, na haɗa. Ban sa fitila ba.

Lahadi.

Za a duba.

Talata, bayan shan ruwa.

Yaya ya dawo. Keke ta sauke shi a bakin layi dab da La'asar, yaran unguwa ba su gane shi ba sai da ya tsaya a ƙofarmu.

Ba zan rubuta yadda yake ba.

Hajja ta buɗe kwanon. Ita ta riƙa ba shi.

Laraba, da rana.

Kawu Ba'ana ya zo da babbar riga yana karɓar barka. Ya ce mutumin GRA ne ya yi magana, kuma dole a je a yi godiya. Wataƙila gaskiya ne. Ba ni da hanyar aunawa.

Ya'akubu ma ya zo. Ya riƙe hannuna ya ce shi dama tun farko ya san sharri ne.

Na hango motar a titin gidan waya. An yi mata fenti, an cire lamba, an gyara gilashin. Na gane ta da ƙarar salansa. Wanda ke tuƙin ya san inda ake dannawa, ni na nuna masa.

Yaya bai tambayi motar ba. Bai tambayi komai ba. In za ka yi masa magana sai ka zagayo ta hagu.

Juma'a, kafin La'asar.

Yana zaune a gindin darbejiyar tsakar gida, ni ina wanke hannu na dawo daga garejin. Tun da ya dawo bai kira sunana ba, ni ma ban san ta inda zan fara ba. Sai na ji ya ce, "Injiniya."

Na zagayo ta hagu na tsuguna.

"Zana min abin nan."

Na ce ya bari sai ya ƙara jin ƙarfi. Ya ce yanzu. Na samo tsinke na share ƙasa da tafin hannu. Na zana batir, na ja layi zuwa makulli, daga makulli zuwa akwati, daga akwati zuwa solonayit. Na zana maɓallin a gefe. Na ce wuta ta nan take bi, in ta isa nan mai ya wuce, in ba ta isa ba inji ya mutu. Ya ce in maimaita a hankali. Na maimaita.

Ya miƙo hannu na ba shi tsinken. Ya kasa riƙewa da yatsu, sai ya damƙe shi da dukkan hannun kamar muciya. Ya zana batir a karkace. Tsinken ya faɗi, na ɗauko masa. Ya ja layin har solonayit bai yi kuskure ba.

Ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan, Yaya."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce kullum sai sun ba shi takarda, shi kuma abin da yake iya tunawa kawai shi ne ƙafarsa tana gogewa.

Aka kira sallah, na kama shi muka tashi. Zainaba ta fito da tsintsiya. Ta share tsakar gidan duka, da ta zo gindin darbejiyar ta zagaye wurin ta wuce.